Wa Ya Kashe Shi? Karatun Littafin Makana Daga Gaɓar Nil Azrak

A watan Disamba na 2005, a cikin littafin Parker Bilal mai suna City of Jackals, wato Birnin Diloli, ruwan Nilu ya turo kan wani mutum da aka datse zuwa gaɓa, dab da tsohon jirgin ruwan da Makana, jarumin littafin, yake haya yana kwana a ciki a Alƙahira. Ba gangar jiki, ba takarda, ba mai kuka. Abin da kan ya zo da shi kawai shi ne zanen aska a fuska, irin wanda ke nuna mai shi ɗan kudancin Sudan ne. Wannan zane ya ishi 'yan sandan Masar. Sun gane daga inda mamacin ya fito, kuma da suka gane sai sha'awarsu ta mutu: baƙi ne ke kashe junansu, me ya dame mu? Makana, wanda a lokacin yake kan wani aikin da aka biya shi, na neman ɗalibi Murad Hafiz da ya ɓace daga jami'a, shi kaɗai ya kasa ɗauke ido daga wannan kai. Ba wanda ya ɗauke shi aikin, ba kuma wanda zai biya shi ko sisi. Daga nan littafin ya rabu gida biyu, binciken da ake biya da wanda ba a biya, kuma mai karatu ba ya daɗewa kafin ya gane wanne ne ya fi cin ran marubucin.

Parker Bilal sunan aro ne. Mai shi Jamal Mahjoub, wanda aka haifa a Landan a 1960, ya tashi a Khartum, ya kuma yi suna da wasu littattafai kafin ya juya ga labarin binciken kisa. Ya fara jerin Makana a 2012 da The Golden Scales, ya kai littafi 6 a 2017, kuma Birnin Diloli na 2016 shi ne na biyar. Makana tsohon sufeton 'yan sanda ne a Khartum wanda ya yi imani cewa aikinsa shi ne bin sawu har a kai ga mai laifi. Juyin mulkin 1989 ya zo da mutanen da ba sa buƙatar sawu, domin sun riga sun yanke wa kowa hukunci tun kafin a yi laifin. Ya rasa matarsa da 'yarsa a wajen gudu, ya ƙare a Masar, baƙo maras gata, yana cin abinci da abin da ya iya. Marubucin ya dasa wannan labari na biyar a gefen wani abu da ya faru da gaske. Daga ƙarshen Satumba na 2005 'yan gudun hijirar Sudan sun yi zaman dirshan a dandalin Mustafa Mahmud da ke unguwar Muhandisin, kusa da ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a duba halinsu. Da asubahin 30 ga Disamba 'yan sanda suka far musu da ruwa da kulake, fiye da mutum 20 suka mutu, da yawansu yara ƙanana. Wanda ya san wannan tarihi yana karanta littafin ne yana ƙirga kwanaki, domin ya san ranar da ke tafe.

Ra'ayina a kan littafin nan ya rataya ne a kan wanda ke karanta shi. Mai karatu a Landan zai same shi labari mai daɗi da ƙamshin baƙuwar ƙasa, ya ajiye ya ɗauki wani. Bahaushen Maiurno, ko na ƙauyukan da ke bin gaɓar Nil Azrak daga Sinnar zuwa Rusairis, ko na sansanonin ma'aikatan gona a Jazira, ba zai wuce shafukan farko ba sai ya tsaya, domin ya san abin da ake nufi da a dubi gawa a karanta ƙabila a kanta. Shi ya sa nake ganin irin wannan adabi, wanda ake yi wa kallon abin rage dare, yana ɗauke da wata ɗabi'a da ƙauyukan nan suka fi kowa buƙata. Littafin binciken kisa ba ya karɓar "su" a matsayin amsa. In an ce wa ya kashe shi, aka ce su wane ne, marubucin bai gama aikinsa ba, mai karatu kuma zai ji an cuce shi kuɗin littafinsa. Dole a kai ga mutum ɗaya mai suna, mai hannu, mai dalili, wanda ya kasance a wuri kaza da ƙarfe kaza. Duk sauran kayan adon, motoci da bindigogi da 'yan daba, ana iya zubar da su; wannan taurin kai shi ne ƙashin bayan abin.

Domin a gane me ya sa hakan ke da nauyi a can, sai an tuna yadda Hausawa suka zauna a ƙasar. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta daɗe tana bi ta Sudan, amma babbar ƙaura ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar hannu ta jawo dubban mutanen yamma. Su suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin Sudan shekara da shekaru, amma gonar, wadda ake kira hawasha, akasari tana hannun wasu, su kuwa suna zaune a kambo, sansanin da ke bakin magudanar ruwa, wanda gwamnati ba ta cika lissafa shi a gari ba. Aka haɗa su duka da Fulani da Barebari aka ce musu Fallata, kalmar da a bakin wasu suna ce, a bakin wasu zagi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun ƙarshen 1897, wato shekara 6 kafin Burmi, sai jikokin waɗanda suka kafa garuruwa suka wayi gari ana tambayar su takarda. Mark Duffield ya rubuta littafi a kan Maiurno a 1981, Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995 a kan Hausawan yankin Wad Madani da ke kiran kansu mahajjata ko da kuwa kakanninsu ne suka taso da niyyar. Abin da ke fitowa daga wannan tarihi shi ne mutanen da aka saba gani a dunƙule. Ana ɗaukar su aiki a dunƙule, ana shakkar su a dunƙule, in abu ya ɓaci kuma ana zargin su a dunƙule.

Sai Yulin 2022. Rahotannin da suka zaga duniya a makon farko sun maimaita jimla guda daga bakin hukumomin jihar Nil Azrak: rikicin ya tashi ne bayan kisan wani manomi a yankin Ƙaisan, kusa da iyakar Habasha. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Rusairis da Ganis da Damazin, aka ƙone kasuwanni da gidaje, ma'aikatar lafiya ta jihar ta ƙirga gawa fiye da 100. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Bur Sudan da Wad Madani da Khartum. A Kassala an cinna wa ofisoshin gwamnati wuta. A watan Oktoba abin ya dawo a Wad al-Mahi, inda aka kashe kimanin mutum 200 cikin kwana biyu, dubun dubata kuma suka bar gidajensu. An mutu a kowane ɓangare, Hausawa da Berta da Hamaj da sauran mutanen Funj, kuma wanda ya ce ɓangarensa kaɗai aka yi wa ɓarna bai faɗi gaskiya ba. A ƙarƙashin rikicin akwai maganar ƙasa da sarauta. Hausawa sun nemi a amince musu da masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya na jihar, sarakunan da ke ganin ƙasar gadonsu ce suka ƙi, domin a can sarauta da ikon raba ƙasa tare suke tafiya. Ga kuma siyasar da ta biyo yarjejeniyar Juba ta 2020, inda kowane ɓangare ke zargin ɗaya da samun ɗaurin gindi daga masu bindiga.

A koma ga jimlar nan ta farko, "kisan wani manomi". A hannun marubuci irin Parker Bilal wannan shi ne shafi na ɗaya. Wane manomi? A gonarsa aka same shi ko a hanya? Da wuƙa, da adda, ko da harsashi? Wa ya gan shi a raye na ƙarshe, da wa yake rigimar iyaka, wa yake bin sa bashi, wa ya fara kawo labari gari, kuma me ya ce da bakinsa kafin labarin ya bi ta bakuna goma ya shiga WhatsApp? Mai karatun da ya saba da irin waɗannan littattafai ya koyi wasu 'yan darussa ba tare da ya sani ba. Wanda kowa ya fara nuna wa yatsa sau da yawa ba shi ba ne. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan gawa a sa masa ido. Inda aka tsinci gawa ba lallai nan aka yi kisan ba, domin mai kisa yana da ƙafa kuma yana da wayo, ya san a ƙofar wa zai ajiye ta a shafa wa wani kashin kaji. Waɗannan ba manyan hikimomi ba ne, amma ka dube su kusa da abin da ya faru: tsakanin gawa ɗaya da gawa 100 akwai 'yan kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan tambayar "wane ne" ta sha kaye a hannun tambayar "su waye". Da zarar an amsa ta biyun, ba wanda ya ƙara buƙatar ta farkon. Wanda ya yi kisan farko, ko wane ne shi, ba abin da ya fi masa daɗi irin wannan, domin jinin da ya zubar ya ɓace a cikin kogin jinin da ya biyo baya.

Masu suka za su ce wannan al'adar Turawa ce, ta Agatha Christie da Sherlock Holmes, ta mutanen da ke da 'yan sanda masu albashi da ɗakin binciken gawa, kuma rashin ta ido ne a kawo wa mutanen da ke binne 'yan'uwansu labarin kisa don nishaɗi. Rabin farko na sukar ba ya tsayuwa, domin almajirin da ya yi karatu a kowane zaure daga Sakkwato zuwa Maiurno ya riga Christie sanin wannan darasi. Sura mafi tsawo a Alƙur'ani ta samo sunanta ne daga labarin saniyar da aka umarci Bani Isra'ila su yanka lokacin da aka kashe wani mutum suka yi ta tura wa juna laifi, kuma maƙasudin shi ne a fito da abin da suke ɓoyewa. A surar Yusuf, shaida bai yi rantsuwa da dangantaka ba, riga ya ce a duba, ta gaba ta yage ko ta baya. Fiƙihun Malikiyya da Hausawa da akasarin mutanen Sudan suke bi ya ma fi fitowa fili. A babin ƙasama, inda dangin mamaci ke yin rantsuwa 50, sai da wata alama mai ƙarfi da ake kira lausu, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da wannan rantsuwa. Mukhtasar na Khalil ya fayyace cewa tsintar gawa a ƙauyen wasu mutane ko a gidansu ba ya cikin alamomin da ake karɓa, kuma malamai sun ba da dalili irin na ɗan sanda: da ana karɓa, da duk mai son cutar da wasu sai ya yi kisa ya jefa musu gawar. Asalin babin kuwa shi ne Abdullahi ɗan Sahl da aka samu an kashe a Khaibar. Danginsa suka ce ba za su rantse a kan abin da ba su gani ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biya diyyar raƙuma 100 daga wajensa, ba a kuma ɗauki makami a kan mutanen garin saboda wannan gawa ba. To wace al'ada ce baƙuwa a nan, bin sawu ko kan mai uwa da wabi?

Rabi na biyu, na nishaɗi, ya fi wuyar amsawa, kuma ba na jin ana iya wanke irin wannan adabi gaba ɗaya. Akwai littattafan da gawa a cikinsu ado ce kawai, a kashe yarinya a shafi na uku don jarumi ya sami abin yi. Amma abin lura shi ne mutanenmu ba su taɓa ƙyamar labarin kisa ba. Samarin Kano da Kaduna sun cinye littattafan James Hadley Chase a shekarun 1970 da 1980, yaran da suka yi makaranta da Larabci kuma sun tashi da 'yan littattafan Masar da ake kira algaz, irin na Mahmud Salim da ya fara a 1968 da yara biyar masu warware sirri. Adabin Hausa kansa cike yake da jini tun daga Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East a shekarun 1930 har zuwa Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Sai dai a mafi yawan namu mai karatu ya san wanda ya yi tun farko, abin da ake jira shi ne ramuwa ko sakayya. Mun ƙware a labarin "zai gani", ba mu cika yin labarin "bari mu gani" ba. Ba na cewa littafi ne ke sa mutum ya ɗauki adda. Wannan maganar banza ce. Amma hankalin da aka yi ta ciyarwa da labarin ramuwa, in ya ji an kashe ɗan'uwa, ya riga ya san shafi na gaba. Wanda ya saba da labarin bincike aƙalla yana da wani shafin na daban da zai iya buɗewa.

Sukar da ta fi ƙarfi daga masu nazarin siyasa take fitowa. Za su ce neman mutum ɗaya yaudara ce a wurin da matsalar ta ƙasa ce, ta sarauta, ta dokar zama ɗan ƙasa, ta madatsar Rusairis da aka ƙara wa tsawo a 2013 ta tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, ta manyan gonakin inji da suka matse manomi da makiyayi. Ko da an kama wanda ya kashe manomin Ƙaisan ranar da ya yi, za su ce, wata ashanar za ta kunna wutar, tunda ciyawar ta riga ta bushe. Akwai gaskiya a nan, kuma Birnin Diloli da kansa ya yarda da ita, domin sawun da Makana yake bi yana ratsawa ta cocin unguwar talakawa, ta gungun samarin kudu masu faɗa da juna, ta masu taimako da masu kuɗi, har mai karatu ya gane cewa hannun da ya riƙe wuƙa ƙaramin yanki ne na abin. Amma a lura da tsarin tafiyar. Ta hanyar gawa ɗaya aka kai ga manyan, ba a fara da manyan ba. Maganar "matsalar ƙasa ce" ana iya yin ta shekara 50 a taro, kowa ya gyaɗa kai, ba wanda zai kwana a kurkuku, domin ƙasa ba ta da hannu. Wanda ya sayo man da aka ƙone kasuwar Rusairis da shi yana da suna. Wanda ya ba da mota yana da suna, haka wanda ya naɗi saƙon murya ya ce a fito. Busasshiyar ciyawa gaskiya ce, amma ba ta hana a tambayi wanda ya zo da ashana, kuma in ya san za a tambaya, watakila ya bar ta a aljihu.

Sai dattawa, waɗanda sukarsu ta fi kowacce cancantar a saurare ta da ladabi. A Sudan akwai judiyya, zaman sulhu da ajawid ke jagoranta, inda ake ƙirga asara, a yanka diyya, a karanta Fatiha, kowa ya koma gona. Masu wannan hanya za su ce tone-tone ba ya haifar da alheri, a bar kaza cikin gashinta, mutanen da za su ci kasuwa ɗaya gobe ba sa buƙatar sanin wane ne ya soki wane. Judiyya ta ceci rayuka da yawa, ba mai musu. Amma sulhun da aka yi tsakanin ƙabila da ƙabila ba tare da an fitar da mai laifi ba yana tabbatar da ainihin abin da ya jawo bala'in, cewa ƙabila ce ke kisa kuma ƙabila ce ke biya. Talakan da bai taɓa riƙe makami ba ya ba da nasa kason diyya, wanda ya yi kisan ma ya ba da daidai da shi, ya koma gida ya rataye addarsa. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Irin wannan sulhu kora kwikwiyon yake yi ya bi gari duka. A Nil Azrak an yi zaman sulhu bayan Yuli, Oktoba ta zo ta fi Yuli muni. A sama ma haka ake yi. Bayan an tarwatsa zaman dirshan masu zanga-zanga a Khartum ranar 3 ga Yunin 2019, aka tsamo gawawwaki daga cikin Nilu, gwamnatin Abdalla Hamdok ta kafa kwamiti ƙarƙashin lauya Nabil Adib, shekaru suka wuce ba a ga rahoton ƙarshe mai ɗauke da sunaye ba, har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin rundunoni biyun da suke riƙe da birnin a waccan rana.

Yaƙin nan ya nuna iyakar inda tunanin "su" yake kaiwa, kuma a Jazira ya nuna. A Oktoban 2024 Abu Aƙila Kaikal, kwamandan dakarun Da'am Sari' a jihar, waɗanda duniya ta sani da RSF, ya sauya sheƙa ya koma wajen soja. Mutum ɗaya ya sauya, ƙauyukan gabashin Jazira suka biya, Tambul da Sariha da Hilaliyya, da rayukan da aka ƙirga da ɗaruruwa. Da soja suka doshi Wad Madani a Janairun 2025, sai abin ya juya kan mutanen kambo, aka ce su ne suka haɗa kai da 'yan Da'am. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kisan aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba ranar 10 ga watan, ta kuma ɗora alhakin a kan mayaƙan Kaikal ɗin nan. Ko akwai wanda ya haɗa kai a wani kambo, wannan tambaya ce ta bincike, mai buƙatar shaida da suna. Ba a yi ta ba. An dubi fuska da wurin zama aka yanke hukunci, daidai yadda 'yan sandan littafin suka dubi zanen aska suka rufe fayil.

Littafin yana da nasa rauni, kada a ce na mai da shi abin da ba shi ba. Zaren labarin ya yi yawa, har wani lokaci sai mai karatu ya koma baya ya tuna wane ne wane, kuma akwai wuraren da marubucin ya bar bin sawu ya koma guje-guje irin na fim. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan kudun da ake kashewa ba su sami baki sosai ba. Makana ɗan arewa ne, tsohon ɗan sandan gwamnatin Khartum, kuma marubucin ya yi adalci da ya bar 'yan kudu suna kallonsa da zargi, ba su ga dalilin da za su yarda da shi ba. Duk da haka shi ne mai ido, su ne abin dubawa. Ga kuma harshe: da Turanci aka rubuta, mutanen Maiurno kuwa da Hausa suke magana a gida, da Larabci suke karatu. Wanda ke neman makamancinsa da Larabci ya nemi Al-Garaƙ na Hammur Ziyada, wanda shi ma ya buɗe da gawar yarinya da Nilu ya kawo wani ƙauyen arewa a watan Mayun 1969, lokacin juyin mulkin Numairi. Sai dai Ziyada bai ba ƙauyen mai bincike irin Makana ba. Ya bar mutanen da gawarsu da gulmarsu, kuma wannan zaɓi nasa ya fi kusa da abin da aka saba gani.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu Bahaushe ya haɗiye tun kafin ya yi murna da wannan hujja, domin wuƙar tana yanka ta kowane gefe. In muna so a daina cewa "Hausawa sun kashe", dole mu daina cewa "Berta sun kashe", kuma dole mu yarda cewa binciken gaskiya wata rana zai tsaya a ƙofar gidan namu, ya kira sunan ɗan wane jikan wane, wanda muke sallah sahu ɗaya da shi. Littafin binciken kisa mai kyau ba ya yi wa mai karatu alkawarin cewa mai laifin baƙo ne. Yawanci ma na cikin gida ne, shi ya sa ƙarshensa ke da ɗaci. Mai binciken da ƙauyukan nan za su haifa a takarda ba sai ya zama sufeto ba. Yana iya zama malamin makarantar allo da ya san babin ƙasama, ko ungozoma mai shiga kowane gida, ko mai kula da ƙofar ruwa a magudanar Jazira wanda ya san wa ya fita da dare. Kayan aikin duk suna nan: gonar auduga, kwalekwalen masunta a bayan madatsar Rusairis, kasuwar da ake ciniki da harshe uku, takardar zama ɗan ƙasa da aka hana kaka aka ba jika.

Kira nake yi ga marubutan Hausa na Sinnar da Damazin da Wad Madani, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kassala, da 'yan'uwansu na Kano masu ɗab'i da masu karanta littattafai a rediyo: ku ɗauki jimlar nan ta Yulin 2022, ku ƙirƙiri manomi ku raɗa masa suna, ku ba shi mata da bashi da maƙwabci, sannan ku sa wani ya zauna a kan maganarsa har shafi na ƙarshe. Masu fassara kuma, littattafan Makana 6 ne, ku fara da na biyar.